Albam ɗin Ummi: sharhina kan wani shagon wanke hoto a Ikeja

Ban taɓa kiran sunanta na yanka ba. 'Yar fari ce, kuma sunan surukata aka sa mata, kunya biyu ke nan a kaina. Ummi ake ce mata a gida, ni kuwa ko Ummin ba kasafai nake furtawa ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". Haka na ga mahaifiyata tana yi wa yayanmu a Katsina, haka na ɗauko abina na kawo Agege, inda maƙwabciyata Bayarabiya take rungume ɗanta a bakin ƙofa kullum da safe tana jera masa kirari. Da Ummi za ta cika shekara 12 a watan Yulin bana, sai na ga tsayinta ya kamo kafaɗata, takalmina ya fara yi mata daidai, kuma ban taɓa zaunar da ita na faɗa mata wata magana mai daɗi da bakina ba. Shi ne na yanke shawarar in tattara hotunanta tun daga ranar suna, a buga mata su a littafi, in rubuta a ƙarƙashin kowanne abin da bakin ya kasa.

Babanta bai hana ba. Sharaɗinsa ɗaya: ba kyandir, ba kiɗa. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan bikin zagayowar ranar haihuwa, shi kuma ba ya son gidansa ya zama wurin muhawara. Muka tsaya a kan a dafa shinkafa a raba wa maƙwabta, a yi mata addu'a, a ba ta kyauta. Kyautar ce nake yi wa sharhi a nan, wata uku bayan karɓo ta.

Shagon yana Ikeja, ba nisa da kasuwar kwamfuta da wayoyi. Ba zan faɗi sunansa ba, domin akwai yabo akwai suka, kuma ba na son in taɓa wa kowa abincinsa. Daga Agege tasha ɗaya ce a jirgin ƙasan nan na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024, don haka zuwa uku da na yi bai dame ni ba. Abin da na yi oda: littafi mai bango mai kauri, inci 8 tsawo inci 8 faɗi, shafi 40, hoto 96. Na biya naira 48,000, rabi kafin aiki, rabi ranar karɓa. Da tsada, ba na musu. Amma na leƙa wurare biyu masu sauƙi na ga samfurinsu, takardar kamar ta kalandar bango, na tuna araha ba ta ado.

Wahalar farko ba laifinsu ba ce, nawa ne. Na tura hotunan ta WhatsApp kamar yadda nake tura wa dangi, sai yaron da ke kan kwamfuta ya kira ni ya ce, "Alhaja, waɗannan ba za su wanku ba." Da na je ya nuna mini a allo: fuskar Ummi ta farfashe ta zama ƙananan murabba'ai kamar tabarmar roba. Ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba, kuma na yaba masa don bai yi shi da gadara ba. Hoto mai kyau a takarda yana son ɗigo 300 a kowane inci. Ke nan hoton da zai cika shafi mai inci 8 sai ya kai fiksel, wato ɗigon hoto, 2,400 ta kowane gefe. WhatsApp kuwa matse hoto yake yi kafin ya aika don ya rage cin data, kuma hoton da ya bi hannu biyar a zauren dangi ya sha matsa har ya gaji. Maganin shi ne a tura a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu, ko a zo da wayar a kwafa kai tsaye. Akwai maɓallin HD na tura hoto mai ɗan inganci da suka ƙara a 2023, ya ce ya fi babu, amma bai kai fayil ba.

Na koma gida na kwana biyu ina tonon tsofaffin wayoyi. Hotunan 2013 da BlackBerry aka ɗauke su, wayar ta mutu tuni, manhajar BBM da muke tura wa juna hotuna da ita ma an rufe ta a ƙarshen watan Mayun 2019. Hotunan ranar suna guda uku kacal suka tsira, su ma don ƙanwata ta taɓa ɗora su a Facebook. Yaron bai yi mini ƙaryar zai gyara su ba. Ya ce a sa su ƙanana, uku a shafi ɗaya, a bar fili fari a kewaye. Shawarar ta yi kyau ƙwarai. Shafin ya fito kamar da gangan aka tsara shi haka.

Sai batun rubutu, wanda shi ne ya kusa raba mu. Na rubuta bayanan da Hausa, da baƙaƙenmu masu ƙugiya, na tura. Samfurin farko da suka aiko mini, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take sai ɗan akwati babu komai a ciki. Na yi ƙorafi. Samfuri na biyu ya zo babu akwati, na yi murna, sai da na karanta a tsanake na ga dabarar da suka yi: sun bi kalma bayan kalma sun cire ƙugiyar. Hoton ranar suna da na rubuta "Ummi da baƙi" ya koma "Ummi da baki". "Hajiya Ƙarama", laƙabin da kakanta yake kiranta da shi, ya zama "Hajiya Karama". Na kira, yaron ya ce ai duk ɗaya ne, mai karatu zai gane.

Shekaru a Agege sun ba ni ɗan Yarabanci, ranar ya yi mini rana. Na ce masa, idan na cire ɗigon da ke ƙarƙashin wasulan "ọkọ" na rubuta "oko", mijin mace bai koma gona ba? Ya yi shiru, sannan ya fashe da dariya har na ji abokan aikinsa suna tambayarsa lafiya. Ashe matsalar salon haruffan ado da suka zaɓa ne, babu baƙaƙenmu a cikinsa. Ya sauya zuwa Noto Sans, wanda Google suka yi don ya ɗauki rubutun harsuna masu yawa, nan take kowace ƙugiya ta dawo mazauninta. Salon bai kai na farko ƙawa ba, amma Hausata ta fito Hausa. Duk wanda zai buga wani abu da Hausa a Legas, katin biki ne ko allon shago, ya nemi a nuna masa samfuri ya karanta da idonsa kafin injin ya tashi. Da na yi sakaci da an buga shafi 40 da kuskure, kuma na san ba za a mayar mini da ko sisi ba.

Akwai wani ɗan abu da ya faru a zuwana na biyu. Za a rubuta cikakken suna a bango, yaron ya ɗago ya ce, "Alhaja, yaya sunanta?" Na buɗe baki, sunan ya tsaya a maƙogwaro. Shekara 12 ban faɗe shi ba, ba a gaban baƙo zan fara ba. Na karɓi biro na rubuta masa a bayan rasit. Ya dube ni, ya dubi takardar, bai ce komai ba. Wataƙila ya ɗauka tsoron kuskuren rubutu nake yi.

Sun ce kwana 5, aikin ya ci kwana 9. Sun kafa hujja da janareto da ruwan sama. Kowa ya san Yuli a Legas, amma kyan alkawari cikawa, kuma ba su suka kira ni ba, ni na riƙa bibiya. Allah ya sa na ba da aikin da wuri. Na karɓo ana gobe ranar, na naɗe shi a leda biyu na cusa ƙarƙashin hijabi saboda yayyafi.

Ingancin littafin kansa ba ni da ta cewa sosai. Ɗinkin irin wanda yake buɗewa ya kwanta shimfiɗe ne, don haka hoton da ya ratsa shafi biyu ba ya nutsewa a tsakiya. Na zaɓi takarda marar ƙyalli bisa shawararsu, saboda mai ƙyallin tana riƙe sawun yatsa, kuma a danshin garin nan shafukanta kan manne da juna. Wata uku yanzu, yara huɗu sun sha jagwalgwala shi, ba shafin da ya manne ko ya ɓalle. Kusurwar bangon ta ƙasa ce kawai ta fara ɗagowa kaɗan, na danna ta da gam.

Inda suka ɓata mini rai da gaske shi ne launi. Na san takarda ba ta kai allon waya haske, tunda allo fitila ce a bayansa, takarda kuwa tawada ce kawai. Amma don su rama wannan, sai suka ƙara wa wasu hotuna haske fiye da kima ba tare da sun tambaye ni ba. Ummi baƙa ce, baƙi mai kyau irin na babanta. A hotuna kusan 10 ta fito fayau kamar wadda aka yi wa bilicin, lallen hannunta na Sallah ya koma ruwan lemo. A samfurin da suka turo ta waya ban lura ba. Da na yi magana, mai shagon ta ce yawancin masu kawo aiki haka suke so. To ni ba haka nake so ba, kuma yarinya mai shekara 12 ba ta bukatar littafin da zai raɗa mata cewa da ta fi haka haske da ta fi kyau. Wanda zai kai aiki ya faɗa musu tun farko kada a taɓa launin fata, in da hali ya biya a buga masa shafi ɗaya na gwaji a takardar gaske.

Bayan Magariba na ba ta, baƙi sun watse, tukwane na jiƙe a bayan gida. Ban miƙa mata hannu da hannu ba, ajiyewa na yi a kan tabarma kusa da ita na koma ina tsince wake da ba ya bukatar tsinta. Ta gefen ido nake kallonta. Ta wuce hotunan jarirai da sauri. Ta yi dariya a hoton yaye, lokacin da aka kai ta Katsina wurin kakarta, kanta a aske tana riƙe da ƙafar kaza. Ta daɗe a hoton kullen korona, wanda aka fara a Legas ranar 30 ga Maris 2020: tana tsaye a taga da wawulon famfara, tana leƙen titin da babu motar haya ta danfo ko ɗaya. A ƙarƙashinsa na rubuta cewa a makonnin nan ne ta koya wa ƙaninta Fatiha, ni ina ɗaki ina ji ina share hawaye, ban fito ba. Na ga leɓenta yana motsi, ta karanta layin, ta koma ta sake karantawa. Ba ta ɗago ba, ni ma ban ɗago ba. Babanta ya yi gyaran murya ya ce bari ya je masallaci, alhali da sauran lokaci kafin Isha'i.

Da ta kai ƙarshe sai ta koma farko, wannan karon tana bin shafukan da yatsa kamar mai lissafi. Can ta ce, "Umma, hoto 96 ne, amma sau huɗu kawai kika fito." Na ce ai ni nake ɗauka. Ta ce, "A wannan ma hannunki ne kawai." Gaskiyarta. Hoton ranar da ta fara tafiya ne, ga ta tana tangaɗi, ga hannuna daga gefe da zoben azurfa, a buɗe, bai taɓa ta ba. Ban san na zaɓi hotunan haka ba sai da ta ƙirga. Ko a ranar suna, tana hannun ƙanwata ne, ni ina can ƙurya na ja mayafi, kamar yadda ake so uwar 'yar fari ta yi.

Zan sake kai musu aiki? Eh, na ƙaninta yana tafe, amma da sharuɗɗa a rubuce: samfurin rubutu in karanta da kaina, shafin gwaji a takarda, kada a taɓa launin fata, kuma zan ƙara mako guda a kan duk ranar da suka faɗa. Yaron kwamfutar ya cancanci yabo, ya san aikinsa kuma yana sauraro idan an yi masa bayani. Mai shagon ce take bukatar ta koyi tambayar mutane kafin ta yanke musu abin da suke so.

Littafin yana cikin akwatin Ummi yanzu, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ita ta tattaro su da kanta. Tun ranar kuma ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Ina tuƙa tuwo, ina shanya, ina carbi bayan Asuba, sai in ji ƙyas, ta ɗauke ni da wayar babanta. Na yi faɗa har na gaji. Jiya ta turo mini guda bakwai ta WhatsApp, ɗaya ma bakina a buɗe ina yi wa ƙaninta tsawa. Na goge su, na leƙa ɗakinsu na ce, "Ke, in za ki turo, ki turo a fayil."