Ledar shara mai ruɓewa: yadda ta kaya a ramin takina

Ɓawon doya, ganyen alayyafo da ragowar tuwo duk a rami nake zubawa a bayan gida, su zama takin ɗan lambuna. Shi ya sa na sayi ledar shara da aka haɗa da sitacin masara, mai tambarin OK compost HOME na TÜV Austria, kamfanin da ke gwada kaya ya ba da shaidar ingancinsu.

Busasshiyar shara tana ɗauka lafiya ƙalau. Amma ki zuba mata ɓawon kankana ki bar ta kwana biyu, gindinta zai fara tsatsafo, kina ɗagawa sai ta ɓarke. Ragowar ledar da na ajiye a kicin ma, zafin Afrilu ya sa ta fara yagewa tun ba a taɓa ta ba. Kar ki sayi da yawa.

A rami kuwa ta fita kunya. Kafin damina ta ƙare, sai 'yan tsummoki nake gani in na juya takin. Da hunturu sai da na riƙa yayyafa ruwa, don ƙwayoyin halittar da ke cinye ta ba sa aiki in babu danshi.

Kalar ledar ba ta dame ni ba, tambarin na bi. Ma'aunin Turai, EN 13432, yana so kashi 90 cikin 100 na ledar ya ruɓe cikin wata 6, kuma bayan mako 12, abin da ya tsaya a rariya mai idon milimita 2 kar ya haura kashi 10. Sai dai a zafin digiri 58 ake gwajin, irin na masana'antar taki. Ramin gida ina zai kai nan? Tambarin HOME shi ne ake gwadawa a digiri 20 zuwa 30, a ba shi wata 12.

Maƙwabciyata ta kawo wata koriya mai arha, an zana mata ganye, ba tambari ba lamba, muka binne tare. Farfashewa kawai ta yi, har yanzu ina tsintar ɓurɓushinta a gindin tumatir. Da alama irin mai sinadarin oxo ce, robar da aka zuba wa sinadarin da ke sa ta farfashe, wadda Tarayyar Turai ta haramta tun Yulin 2021.

Tsada kam akwai ta, ta ninka baƙar leda nesa ba kusa ba. Zan ƙara saya don sharar kicin kaɗai. Cefane da ƙullin kunu ba aikinta ba ne.