Tukunyar gasa kek ta kan gas: wata huɗu ina aiki da ita

Gidanmu a Na'ibawa yake, kusa da kasuwar 'Yan Lemo, kuma da wuya maigida ya biyo ta nan da yamma bai riƙo leda ba. Idan 'yan kasuwa za su tashi, ayabar da ta nuna sosai sukan kasa ta su karyar da kuɗinta. Ga zafin Kano, ga wuta ba ta zama balle firji ya yi sanyi. Kwana biyu ɓawon ya yi baƙi, yara su ce ba sa ci. Ni kuwa zubar da abinci yana ci mini rai ƙwarai.

A da cikin babbar tukunya nake gasa kek, in zuba yashi a ƙasa in jera gwangwanaye a kai. Yana gasuwa, sai dai kafin yashin ya ɗau zafi gas ya tafi da yawa. Shi ya sa na sayi wannan tukunyar a kasuwar Sabon Gari, wajen masu kayan kicin. Ta alminiyam ce, kashi uku: farantin da ake ɗorawa kan wuta, tukunyar kanta mai bututu a tsakiya, sai murfi mai 'yan huji. Zafi yana bi ta bututun ya hau sama, murfin ya mayar da shi kan ƙullun. Kuɗinta bai kai rabin na ƙaramin oven ba, kuma ba ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke.

A kek ɗin ayaba ta fi burge ni. Nakan dame ayaba huɗu da cokali mai yatsu, in fasa ƙwai biyu, fulawa gwangwani biyu, man gyaɗa rabin gwangwani, bekin foda ƙaramin cokali biyu, da ɗan kirfa. Sukari cokali uku kawai nake sawa, domin ayaba tana ƙara nuna tana ƙara zaƙi, sitacin cikinta ne ke komawa sukari. Minti 45 a wuta can ƙasa, in soka tsinke ya fito fes. Ramin tsakiyar nan yana sa cikin ya gasu daidai, ba ya yin danƙo kamar yadda ƙullun ayaba ya saba yi a gwangwani mai zurfi. Ranar da na kai wa Hajiya surukata, cewa ta yi: "'Yar nan, wannan ai ko marar haƙori ya ci." Tun daga nan duk Juma'a sai na aika mata.

Baƙin ɓawo ba lalacewa ba ne. Amma idan na ɓare na ga fumfuna, ko na ji tana warin tsami, ba na sa ta a abincin iyalina.

Mangwaro ne ya ba ni wahala. A watan Afrilu da ya cika kasuwa na markaɗa wanda ya yi laushi na zuba a ƙullu yadda nake yi da ayaba, kek ɗin ya fito jagab, don ruwansa ya yi wa tukunyar yawa. Yanzu sai na fara dafa shi a kasko ya ƙafe ya koma rabi, ya huce, sannan in haɗa.

Aibinta kuma ba zan ɓoye ba. Jikinta ba kauri, wuta ta ɗan yi yawa ƙasan ya ƙone alhali saman bai yi ba. Saman ma ba ya yin ja sosai, sai na kife kek ɗin a faranti ƙasan ya koma sama. Mariƙin murfin yana zafi, dole sai da tsumma. Sannan sai an shafe bututun da mai sosai an barbaɗa fulawa, in ba haka ba kek ɗin ya manne.

Mai sana'ar kek wadda ake ba odar biki, wannan ta yi mata kaɗan, guda ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Amma uwargida mai gasa na shayin safe za ta ji daɗinta. Ƙanwata da ke Zariya ta gwada irinta a kan gawayi, ta ce in an bar garwashin ya lafa tukuna tana yi lafiya lau.