Fistan ɗin da na saya ya gaza da rabin milimita

Wata huɗu ke nan da na rufe injin tsohuwar motata bayan gyara, Toyota ta 1983 mai inji 22R, kuma har yau in na tuna da saitin fistan ɗin nan sai raina ya ɓaci. Injin ya daɗe yana shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi. Da aka sauke shi, sai aka tarar silinda ta ci, farce ma yana maƙalewa a bakinta ta sama. Aka ƙara faɗin ramin daga milimita 92 zuwa 92.5, na yi odar fistan huɗu da ringinsu daidai wannan awo.

Da kwalin ya iso na yi murna. Aikin da tsabta, nauyinsu kusan ɗaya, kuma masu tudu a ka ne irin na asali. Abin da na fi tsoro shi ne a turo min na 1985 zuwa sama, don daga shekarar aka rage tsayin bulok ɗin, wato gangar jikin injin, aka koma fistan mai shimfiɗaɗɗen kai, ba sa shiga na juna. To nan dai masu sayarwar ba su yi kuskure ba.

Ranar haɗawa, bakanikena ya ɗauki tsohon fistan da sabo ya zura su a fin ɗaya, wato ƙarfen da ke ratsa tsakiyar fistan, ya ɗora rula a kansu, ya ɗaga wajen haske. Ya ce, "Maigida, zo ka gani." Haske na wucewa ta kan sabon. Muka auna, daga ramin fin zuwa kai ya gaza tsohon da kusan rabin milimita. Ba a rubuta haka a kwali ba, ba a rubuta a shafin da na saya ba. Na aika saƙo, sai bayan kwana uku aka ba ni amsa wai da gangan ake rage su, saboda yawancin masu gyara suna aske saman bulok. Ni wa ya tambaye ni? Nawa bulok ɗin ba a taɓa samansa ba. Kuma tunda mun riga mun ɗaura su a kwanrod, wato sandar da ke riƙe fistan, wai ba sa karɓar kaya.

Wani zai ce rabin milimita me zai yi. Na zauna na yi lissafi. Kowace silinda tana jan wajen cc 598 bayan an faɗaɗa ta, gurbin da ke saura in fistan ya kai ƙololuwa kuma wajen cc 74 ne, shi ke ba da matsi na 9 bisa 1, wato yawan yadda fistan ke matse iska da fetur. Rabin milimita a wannan faɗin ya fi cc 3. Gaskit ɗin da ya zo da kayan, wato shimfiɗar da ke tsakanin bulok da kan inji, shi ma ya fi tsohon kauri, ya ƙara wani kusan haka. Sai ga matsin ya sauko wajen 8.4 bisa 1. Da na sani, da na nemi siririn gaskit, amma haƙurina ya ƙare, na ce a rufe kawai.

Gaskiya ɗaya zan faɗa musu: hayaƙi ya ɗauke, baƙin mai ba ya raguwa, fulogi na fitowa a bushe. Ƙarar nan ta ƙas-ƙas da injin ke yi da in na taka totur a hawa da rana tsaka, musamman in fetur ɗin ba mai kyau ba ne, ta ɓace gaba ɗaya. Ƙarancin matsi yana da wannan rana. Har na fara cewa ko alheri ne ya zo min a haka.

Sai makon jiya na ɗauko kaya. Hawan da motar ke cinyewa a giya uku ko lokacin da take hayaƙi, sai da na koma biyu, ina ji tana nishi. An ɗan ƙara mata taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, ta ɗan farfaɗo, amma ba ta kai yadda nake tsammanin sabon inji ba, kuma shan fetur bai ragu ba ko kaɗan. Layi ɗaya da sun rubuta a kwali, da an aske bulok ɗin tun yana wajen masu faɗaɗa silinda. Yanzu sai an sake kwance kan injin a aske shi, sannan in sayi wani gaskit. Tauraro biyu na ba masu sayarwar a shafin da na saya, ɗaya ma don ringin ne.