NFL+ Premium: Manhajar da Ke Nuna Yadda Ake Gina Katangar Mutum Biyar

Duk wanda ya tashi da kallon tamaula, idonsa ya saba da bin ƙwallo duk inda ta nufa, kuma da wannan sabon ne na fara kallon ƙwallon Amurka bayan zuwana ƙasar. Gidajen talabijin ma haka suke son a kalla, domin da zarar an fara wasa kyamararsu kan bi mai jefa ƙwallo ko mai gudu da ita, ta bar ƙarti biyar ɗin da ke gaba a gefen hoto kamar tarin buhuna. Na daɗe kafin na gane cewa a hannun waɗannan biyar ɗin wasan yake, kuma son ganin aikinsu da idona ne kaɗai ya sa na biya kuɗin NFL+ Premium a farkon kakar 2024.

Hukumar NFL, mai gudanar da babbar gasar ƙwallon Amurka, ce da kanta ta ƙaddamar da manhajar NFL+ a shekarar 2022 domin mazauna Amurka, kuma hawa biyu gare ta. Ƙaramin yana ba da damar kallon wasannin da ake nunawa a yankin da mutum yake da kuma manyan wasannin dare kai tsaye, amma a waya ko kwamfutar hannu kawai. Babban, wanda ake kira Premium, kuɗinsa a kakar da na shiga dala 14.99 ne a wata ko dala 99.99 a shekara, kuma a cikinsa ake samun maimaicin kowane wasa cikakke, da taƙaitaccen maimaici wanda aka cire masa tallace-tallace da lokutan jira, da tashar RedZone mai leƙa wasannin ranar Lahadi kai tsaye duk inda ake dab da cin maki, sai kuma abin da ya kawo ni, wato hoton masu horarwa da ake kira All-22. Sunan ya fito ne daga adadin 'yan wasan da ke fili, 11 a kowane ɓangare, domin kyamarar tana can sama inda take ɗauko su duka. Shekaru da dama ƙungiyoyi ne kaɗai ke da wannan hoto, sai a 2012 aka fara sayar da shi ga jama'a.

Ga wanda bai san wasan ba, katangar gaba, wato ƙartin nan biyar, ta ƙunshi ɗan tsakiya, wanda ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa don a fara wasa kuma shi ke faɗa wa sauran wanda kowa zai tara, da masu gadi biyu a damansa da hagunsa, da 'yan gefe biyu a ƙarshen layi waɗanda ke fuskantar mafiya saurin masu kai farmaki. Lambobin rigunansu daga 50 zuwa 79 ne, kuma a ƙa'ida ba a jefa musu ƙwallo. Ƙungiya tana da yunƙuri huɗu don cin yadi 10, kuma ko ta ƙasa za a bi ko ta sama, sai sun buɗe hanya ko sun tsare mai jefawa na daƙiƙa biyu zuwa uku kafin komai ya yiwu.

Kowane yunƙuri a All-22 ana nuna shi sau biyu, na farko daga gefen fili, na biyu daga ƙarshen fili, kuma na biyun nan shi ne ya biya mini kuɗina. Daga nan ne mutum ke ganin tazarar da ke tsakanin kafaɗa da kafaɗa, da ƙafar da kowa ya fara ɗagawa, da inda ya sa tafin hannunsa a ƙirjin abokin karawarsa. Wanda ya taɓa tsayawa a dandalin kokawa zai gane abin nan da nan, domin wanda ya fi sunkuyar da ƙugu ya shiga ƙarƙashin ɗan'uwansa shi ke ɗaga shi, ko da kuwa ya fi shi nauyi. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne aikin haɗin gwiwa, inda mutum biyu kan taru a kan ƙato ɗaya su ture shi taki biyu, sannan ɗaya ya zame ya tari na bayansa a daidai lokacin da ɗayan ya karɓe nauyin gaba ɗaya. Ba sa kallon juna, kuma ihun 'yan kallo ba ya barin su ji juna. Idan mai zamewa ya yi gaggawa da rabin taki, an kama mai gudu a bayan layi. Idan ya yi jinkiri, ƙofar ta rufe.

Ƙungiyar Eagles ta birnin Filadelfiya na bi mako bayan mako, kuma tarihin mutanenta biyar na kakar 2024 ya isa darasi a kan yadda ake wannan gini. Lane Johnson, ɗan gefen dama, shi ne aka kashe wa babban jari, domin shi ne mutum na 4 da aka ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2013. Landon Dickerson, mai gadin hagu, an same shi ne a zagaye na biyu a 2021, bayan raunin gwiwa da ya ji a ƙarshen zamansa a jami'ar Alabama ya sa wasu ƙungiyoyi suka ja baya. Cam Jurgens kuwa an ɗauko shi daga Nebraska a zagaye na biyu na 2022, alhali kujerar ɗan tsakiya tana hannun Jason Kelce, wanda shi kansa mutum na 191 ne a zaɓen 2011, aka raina girman jikinsa, ya kuma yi kaka 13 yana riƙe da wurin. Jurgens ya yi shekara guda yana koyo a bayansa, ya yi ta biyu a matsayin mai gadin dama kafaɗa da kafaɗa da shi, saboda haka da Kelce ya yi ritaya a watan Maris na 2024 magajinsa ya riga ya san gidan ciki da waje. Da na koma hotunan 2023 na kwatanta su da na 2024, na ga yadda Jurgens ya gaji har salon fitowa daga tsakiya a guje don tarar mutum a sararin fili, abin da Kelce ya yi suna da shi.

Labarin Jordan Mailata ya fi kowanne nuna inda ƙarfin ƙungiyar yake. Ɗan ƙasar Ostareliya ne mai wasan zari-ruga, tsayinsa ƙafa 6 da inci 8, nauyinsa kimanin kilo 165, kuma bai taɓa buga ƙwallon Amurka ko sau ɗaya ba sa'ad da Eagles ta ɗauke shi a zagaye na bakwai na 2018, mutum na 233. Sai a 2020 ya fara shiga wasan gasa. A tsakanin nan ƙungiyar ta kashe zaɓenta na zagayen farko na 2019 a kan Andre Dillard domin wannan kujera ta gefen hagu, wadda ke tsare bayan mai jefawa, amma a 2021 Mailata ne ya ci kujerar, aka kuma ba shi kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 64. Mutumin da ya koya masa komai tun daga tsayuwa shi ne Jeff Stoutland, kocin katangar da ya zo ƙungiyar a 2013 daga Alabama, har Mailata kan ambaci "Jami'ar Stoutland" a wurin da sauran 'yan wasa ke faɗin makarantar da suka fito. Na biyar ɗinsu, Mekhi Becton, ya zo ne daga New York Jets a kan kwantiragin shekara ɗaya bayan raunuka sun dusashe tauraronsa, aka matsar da shi daga gefe zuwa gadin dama, kuma a hoton ƙarshen fili mutum na iya ganin yadda takunsa ya ƙara gajarta hannunsa kuma ya ƙara sauri daga Satumba zuwa Janairu.

A ganina, abin da Howie Roseman, manajan da ke tsara ɗaukar 'yan wasan ƙungiyar, ya gane shi ne cewa ana neman magaji ne tun mai kujera yana da ƙarfinsa, kuma ana sabunta kwantiragin wanda aka horar a gida kafin farashinsa ya tashi a kasuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gasar da ta ƙayyade wa kowace ƙungiya kasafin albashi, wanda a 2024 ya kasance dala miliyan 255.4 ga dukan 'yan wasanta. An ga amfanin hakan a wasan neman zuwa Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin gasar, wanda Eagles ta buga da Washington a Janairun 2025, lokacin da ciwon baya ya hana Jurgens farawa, Dickerson ya koma tsakiya inda ya taɓa bugawa a jami'a, sannan da gwiwarsa ta dame shi Jurgens ya shigo ya ƙarasa. Eagles ta yi nasara da 55 da 23. A kakar ce Saquon Barkley ya yi gudun yadi 2,005, kuma duk wanda ya kalli dogayen gudunsa biyu na yadi 70 da 72 a wasansu da Rams a watan Nuwamba daga kyamarar ƙarshen fili zai ga faɗin ƙofar da aka buɗe masa kafin ya nuna tasa bajintar.

Akwai wata hanyar gini, kuma manhajar ta ba ni damar kwatantawa. Bayan Tampa Bay ta doke Kansas City Chiefs da 31 da 9 a Super Bowl na Fabrairun 2021, a wasan da Chiefs ta buga ba tare da 'yan gefenta biyu na asali ba, ƙungiyar ta sake katangarta cikin 'yan watanni: ta ɗauki mai gadi Joe Thuney a kan kwantiragin dala miliyan 80, ta yi musaya ta karɓo Orlando Brown, ta zaɓi Creed Humphrey da Trey Smith. Dabarar ta yi aiki, domin da wannan katangar ta doke Eagles da 38 da 35 a 2023. Sai dai gefen hagu bai zauna ba bayan tafiyar Brown, har ta kai a ƙarshen kakar 2024 aka ciro Thuney daga gadinsa aka kai shi can. Da suka sake haɗuwa da Eagles a Super Bowl ranar 9 ga Fabrairun 2025 a New Orleans, an kayar da Patrick Mahomes, mai jefa ƙwallon Chiefs, sau shida, alhali Eagles ba ta ƙara masu farmaki a kan huɗun da ta saba ba, ta kuma yi nasara da 40 da 22.

Dole a faɗi iyakar manhajar. Hoton All-22 ba shi da sauti kuma ba shi da mai sharhi, saboda haka sabon shiga zai ga mutane 22 suna motsi ba tare da wanda zai ce masa ga inda zai duba ba, kuma hukumar za ta kyauta da ta haɗa shi da gajerun darussa a kan aikin kowace kujera. Hoton ba ya fitowa a daren wasa, sai an yi haƙurin kwana ɗaya ko biyu. Haka kuma, komai kyawun kyamara ba za ta faɗa wa mai kallo umarnin da koci ya bayar ba, don haka idan aka ga mai farmaki ya wuce babu wanda ya taɓa shi, ba a kullum ake iya sanin ko laifin mai gadi ne ko na ɗan gefe ko na mai jefawar da bai sauya tsari ba. Sashen NFL Pro da aka ƙara a 2024 ya rage wahalar nema, domin yana barin mutum ya tace yunƙuri bisa ɗan wasa ko yanayin wasa, amma alƙalumansa sun fi yawa a kan masu taɓa ƙwallo, kasancewar aikin katanga ba ya ƙidayuwa da sauƙi. A allon waya ma mutanen kan zama ƙanana ƙwarai, don haka kwamfuta mai faɗin allo ta fi dacewa.

Wanda burinsa ya ga wasa kai tsaye a babban talabijin tare da iyalinsa ranar Lahadi ba zai sami biyan bukata a nan ba, kuma masu karatu da ke wajen Amurka su sani cewa tun 2023 kamfanin DAZN ne ke sayar da wasannin gasar a ƙasashen waje da sunan Game Pass, don haka su duba abin da ke cikin kunshin ƙasarsu kafin su biya. Amma mazaunin Amurka da yake son fahimtar dalilin da ya sa ake biyan mutumin da ba ya taɓa ƙwallo fiye da dala miliyan 20 a shekara, shawarata ita ce ya biya kuɗin wata ɗaya a tsakiyar kaka, ya zaɓi ƙungiya ɗaya, ya kalli kowane yunƙuri daga ƙarshen fili sau biyu, na farko idonsa a kan ɗan tsakiya, na biyu a kan ƙafafun ɗan gefen hagu. Ni dai na sabunta nawa na shekara guda.