Rabin yini a kan teku a Abersoch

Ni da ruwa bai taɓa wuce mini gwiwa ba, sai ga ni a kan teku ina jan igiya. Abokin karatuna ne ya ja ni daga Manchester zuwa Abersoch, ƙauyen da ke yankin Llŷn a arewa maso yammacin Wales. Jirgin ƙasa a Pwllheli yake tsayawa, daga nan sai bas, kamar mil 7.

Mun biya kuɗin darasin rabin yini a wata makarantar koyon tuƙin kwale-kwale mai tafiya da iska. Kuɗin da zafi, ba zan ɓoye ba. Amma wurin ya dace da ɗan koyo: bakin ruwan yana fuskantar gabas, ƙasa ta tare masa iskar da ke kaɗowa daga kudu maso yamma, shi ya sa ruwan yake kwance. Masu neman manyan igiyoyin ruwa Porth Neigwl suke zuwa, can bayan ƙauyen.

Malamar tana da haƙuri. Sau uku ta ce mini in sunkuya idan za mu juya, domin sandar da ke riƙe ƙyallen da ke kama iska tana dawowa da ƙarfi. A na huɗu na manta. Har yanzu akwai ƙulu a ƙeyata. Amma da ƙyallen ya cika da iska, jirgin ya zabura babu inji babu ƙara, sai ƙaramin motsin ruwa a gefe, tsibiran St Tudwal biyu a gabanmu, duwatsun Eryri can nesa, wallahi na manta da ciwon.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne rigar robar da suka ba ni. Da danshinta, alamar wani bai daɗe da cire ta ba, ga sanyi har ƙashi duk da a watan Yuni ne. Kuma mun yi yawa ga malama ɗaya, zaman jira ya ci lokaci.

Af, 'yan rumfunan katakon da ke jere a kan yashi, babu wuta babu ruwa, ana sayar da wasu sama da fam 100,000. Na daɗe ina kallon su.

Zan koma, amma da tawul biyu da shayi a fulas. Abincin halal kuma ka taho da naka, mu da kifi da soyayyen dankali muka kwana.