Kayan koyon DJ a Zariya: wanne za ka fara saya, wanne zai jira

Wanda ya ga DJ yana aiki a wurin kamu ko dina a Samaru ko Tudun Wada, manyan lasifikoki ne ke fara ɗaukar masa ido, shi ya sa da yawa daga masu son koyo suke fara zuba kuɗinsu a can. Ga mai koyo a ɗaki kuwa, lasifika ce ta ƙarshe a layi. Shawarar farko a kan manhaja za ka yanke ta. Kwantirola, wato allon nan mai faifai biyu da maɓallai, ba ta kunna waƙa da kanta. Umarni take aika wa kwamfuta, manhajar da ke cikin kwamfutar ce ke aikin. Kowace kwantirola da manhajar da aka ƙera ta dominta. In ka saya kafin ka bincika, za ka iya tarar da ba ta jituwa da wadda ka saba, ko kuma sai ka biya kuɗin lasisi da dala kafin ta motsa.

Manhajoji huɗu ne a gabanka. VirtualDJ ce za ka fi gani a kwamfutocin masu kiɗan biki, kuma wannan kaɗai dalili ne mai ƙarfi, domin in ka maƙale ba za ka rasa wanda zai nuna maka ba. Kyauta ce ga mai wasa a gida da allon rubutu da linzami, amma da ka jona kwantirola sai ta nemi lasisi. Serato DJ Lite kyauta ce tare da kwantirolar da ta amince da ita, tana da sauƙin fahimta, sai dai ba ta naɗar abin da ka haɗa. Wannan sai a Serato DJ Pro, ita kuma ta kuɗi ce. Ta uku rekordbox ce, ta masu kayan Pioneer DJ, wadda ke ba ka damar shirya waƙoƙi ka zuba a filashi, ka je ka saka a CDJ, wato manyan na'urorin kunna waƙa na ƙwararrun DJ, in wata rana ka samu kanka a gabansu. Ta huɗu Mixxx, wadda ba a cika ambata ba alhali kyauta ce gaba ɗaya, tana naɗa, kuma ba ta wahalar da tsohuwar kwamfuta. Abin lura da ita ɗaya ne: 'yan sa-kai ne ke tsara yadda take magana da kowace kwantirola, don haka ka duba jerin da ke shafinsu ka ga taka tana ciki.

Maganar naɗa ba ƙarama ba ce. Lokacin da kake haɗa waƙa biyu hankalinka na kan hannunka, ba ka jin inda bugu ya zame. Sai ka naɗi minti 20 ka saurara washegari za ka ji kurakuranka tsirara. Manhajar da aka fasa kuwa, wadda ake tura wa mutane a filashi, ka bar ta inda ka gan ta. Ita ce ke daskarewa a tsakiyar waƙa, sau da yawa kuma da ƙwayar cuta take shigowa. Ka sauke biyu daga cikin huɗun nan, ka yi sati biyu kana taɓa su da linzami kawai, ba ka kashe ko sisi ba, za ka san wadda ta kwanta maka.

Kwamfuta ba sai sabuwa ba. Ta hannu mai Core i5, RAM 8GB da SSD ta wadatar. SSD ɗin ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin tsohon diski mai juyawa yana jinkirin loda waƙa, kuma girgizar lasifika na iya dama masa lissafi. Ka gwada batir kafin ka biya: ka cire caja, ka kunna waƙa, ka ga ko zai riƙe awa biyu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, don haka wadda ke ɗaukar Windows 11 ta fi dogon kwana. Fasahar nan ta raba murya da kiɗa yayin da waƙa ke tafiya tana cin ƙarfin kwamfuta sosai. In sauti ya fara tsinkewa, ita za ka fara kashewa.

Yanzu ga kwantirola, inda mafi yawan kuɗin zai tafi. Tambaya ta farko: tana da katin sauti a cikinta? DJ yana buƙatar hanyar sauti biyu a lokaci guda, ɗaya tana kai waƙar da ke tafiya zuwa lasifika, ɗaya tana kawo masa ta gaba a hedifon shi kaɗai. Pioneer DDJ-200 ta 2019 tana da araha da kyan gani, amma ba ta da wannan katin. Da wata waya mai reshe biyu ake raba sautin kwamfuta ko na wayar hannu, kowane reshe ya samu rabi, sitiriyo ya tafi. Ana iya wasa da ita, amma mai niyyar daɗewa zai gaji da ita da wuri.

DDJ-FLX4, wadda ta fito a ƙarshen 2022 a kan dala 299, ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Tana aiki da rekordbox da Serato DJ Lite duka, wutarta daga USB-C take samu, tana da ramin makirufo, tana fitar da sauti ta RCA, wato ja da farin nan irin na bayan tsohuwar bidiyo. An jera maɓallanta irin na manyan kayan Pioneer, saboda haka hannun da ya saba da ita ba ya baƙunta a gaba. Rauninta gajeren feda na sauri, wato maɓallin da ake ja sama da ƙasa don ƙara ko rage saurin waƙa: ka ɗan gusa shi kaɗan sai waƙa ta yi tsalle fiye da yadda kake so. Yayarta DDJ-400 ta 2018 tana yawo a kasuwar na hannu, kuma har yanzu kaya ce mai kyau ga wanda ya zaɓi rekordbox, amma ba ta tafiya da Serato. Mai son Serato a tsofaffin kaya DDJ-SB3 zai nema.

Numark Mixtrack Pro FX da Platinum FX na 2020 suna zuwa da Serato DJ Lite. Faifansu manya ne, inci 6, fedan saurinsu kuma dogo ne, yana ba ka damar gyara ɗan ƙaramin bambanci a nitse. Platinum ɗin tana da ƙaramin allo a tsakiyar kowane faifai mai nuna saurin waƙa, abin sha'awa ne amma ba dole ba. Su kuma Hercules Inpulse suna da wasu fitilu a gefen feda da ƙarƙashin faifai masu nuna maka ka ƙara sauri ko ka rage, har kunnenka ya koya ka kashe su. Ƙaramar, Inpulse 200, ba ta da ramin makirufo. Inpulse 500 tana da shi, tana kuma da mafitar sauti ta manyan jak, abin da sauran da aka lissafa ba su da shi.

Wanne ya fi? Ya danganta da abin da za ka riƙa kunnawa, kuma a nan ne masu saye ba sa tsayawa su yi tunani. Afirobit da amapiyano a kwamfuta ake tsara bugunsu, ba ya gocewa daga farko har ƙarshe. Amapiyano yana zama tsakanin bugu 110 zuwa 115 a minti. Irin waɗannan, maɓallin daidaita sauri na kai-tsaye yana haɗa su ba gardama, ko da wace kwantirola. Waƙoƙin Hausa na sitidiyo ma bugunsu a tsaye yake, sai dai da yawansu kiɗan yana tafiya uku-uku ne, manhaja kuma takan rikice ta rubuta rabin saurin, ko ninkinsa, ko wata lamba da ba ta da alaƙa da abin da ƙafarka ke bi. Gyaran shi ne ka buga maɓallin ƙidaya da yatsa tare da kiɗan har lambar ta zauna, sannan ka ja na farko cikin layukan bugu da manhaja ke zanawa a kan waƙar ya hau kan bugun farko. Tsofaffin kaɗe-kaɗen kalangu, kotso ko kuntigi da aka ɗauka makaɗa na bugawa da hannu, su kam babu manhajar da za ta ɗaure su, domin makaɗi yana ƙara zafi in waƙa ta yi daɗi. A nan sai kunne, da yatsa a gefen faifai kana turawa kana riƙewa. Wanda tarin waƙoƙinsa ya karkata nan, babban faifai da dogon feda na Numark za su fi yi masa amfani. Wanda ke hangen kulob ko manyan taruka a Kaduna da Abuja, FLX4 ce hanyarsa. Wanda zai riƙa fita da kayansa walimar gida ko taron 'yan aji inda za a jona da lasifikokin haya, ya dubi Inpulse 500.

Na'urorin da ke aiki ba kwamfuta, irin su XDJ-RX3, da masu juya faifan garmaho irin Technics SL-1200, ba na mai koyo ba ne. Na farko kuɗinsu ya ninka na FLX4 sau da yawa, na biyu kuma ina za ka samu sababbin waƙoƙin Hausa a garmaho?

Wayoyi, soket, sitabilaiza da lasifika duk za ka samu a kasuwar Sabon Gari ko wajen PZ. Kwantirola kuwa sau da yawa sai an yi oda daga Kano, Abuja ko kasuwar Alaba a Legas, farashinta kuma dala yake bi, don haka ka nemi farashin kamfani ka lissafa da canjin ranar, ka ƙara na jigila da ribar ɗan kasuwa, sannan ka san ko an tsawwala. In daga nesa ne, a turo maka bidiyon kayan a jone, tare da lambar da ke ƙarƙashinta, ka kuma gwada lambar da ta kan kwali in ta iso. In ta hannu ce a gabanka, ka je da kwamfutarka da manhajar a ciki. Ka ja kowane feda a hankali daga ƙasa zuwa sama kana kallon allo. In alamar ta yi tsalle ko ta yi rawa, ƙura ta ci shi. Ka tura kurosfeda, wato fedan da ke sauya sauti daga wannan waƙa zuwa waccan, zuwa gefe ɗaya ka saurara ko ɗaya waƙar na ɗigowa. Maɓallan kunnawa da na komawa farkon bugu su ke fara mutuwa saboda duka, ka danna kowanne sau 20 ka ga ko akwai wanda ya ƙi amsawa. Ka ɗora yatsa a saman faifai, waƙa ta tsaya nan take. Daga ƙarshe ka ɗan girgiza wayar USB a raminta: in haɗin ya katse, ka ajiye masa kayansa, domin wannan gyaran sai an buɗe an yi walda.

Hedifon ya zama mai waya, mai rufe kunne ruf, wanda kuma za ka iya juya kunne ɗaya gefe. Audio-Technica ATH-M20x ko Pioneer HDJ-CUE1 sun isa. Sennheiser HD 25 ya fi su ƙarko, kusan kowane ɓangarensa ana sauya shi, amma jabunsa ya yi yawa. In farashin ya yi daɗin da ya wuce hankali, jabu ne. Bulutut kuwa, ko a hedifon ko a lasifika, ba ya aikin DJ. Sauti yana isowa a makare da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, wanda ya isa ya sa ka ji bugu biyu suna karo alhali a allo sun daidaita. In kana da lasifikar bulutut ko mai taya a gida, ka jona ta ta ramin waya da kebul mai RCA a kai ɗaya da ƙaramin jak a ɗaya kan, ka ci gaba da ita har ka tara kuɗin ƙanana biyu na tebur irin PreSonus Eris 3.5 ko Pioneer DM-40D. A gidan haya a Kongo ko Palladan, inda bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci kuma masallaci na kusa, rabin atisayenka ma a hedifon za ka yi shi. Kada ka cika masa ƙara; in ka cire ka ji kunnenka na kuka, ka wuce gona da iri.

Ka ware wani abu don wuta da ƙura, su ne ke kashe kaya a garin nan. Kwantirola daga kwamfuta take sha, don haka in an ɗauke wuta batir zai riƙe su biyun, lasifika ce kawai za ta yi shiru. Haɗarin yana wajen dawowar wutar da ƙarfi, ko ƙaramin janareta da wutarsa ke hawa da sauka. Sitabilaiza mai 1000VA ya ɗauki caja da ƙananan lasifikoki biyu har da rara. In ka ji wani gurnani a lasifika, ka cire cajar kwamfuta: in ya ɗauke, matsalar daga caja ce ko daga yadda aka jona kayan a soket daban-daban. Ka tara su a kan ekstenshan ɗaya, ka sauya cajar in jabu ce, in ya ƙi ka sa ƙaramar na'urar yanke gurnani a kan wayar RCA. Lokacin hunturu kuwa ƙura ta ramin feda take shiga. Ka rufe kwantirola da zane mai kauri duk lokacin da ka gama, ka share ta da busasshen buroshi, kada ka kuskura ka fesa mata man cire tsatsa. Akwai feshi na musamman na goge kayan lantarki, shi za ka tambaya.

Saura waƙoƙin. Wadda ta bi ta hannu goma, ko aka ciro daga bidiyo, a waya ba ka jin aibinta, amma a lasifika za ka ji saman kiɗan yana shuu, ƙasan kuma ba nauyi. Ka nemi MP3 mai 320kbps daga inda mawaƙan ke sayarwa ko sakin kayansu. Irin wannan yana cin kusan 2.4MB a kowane minti, wato waƙa 1,000 masu minti huɗu-huɗu ba su kai 10GB ba, filashi mai 32GB zai ɗauki kwafinsu duka. Ka ajiye su a cikin kwamfutar maimakon dogaro da intanet, ka bar manhaja ta auna saurinsu tun da dare tana kan caji, ka kuma fara da guda 50 da ka san inda amshin kowacce ke shigowa kafin ka ƙara wasu.