Waya ko kebul: wanne ya fi wajen zuba hanya a na'urar GPS ta keke?

Ɗan'uwanmu na Jega ya kawo tambaya ga ƙungiyarmu ta masu hawan keke. Ya sayi na'urar GPS ta keke, Garmin Edge 530, ta hannu, ya zana hanyar da yake son bi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, amma ya rasa yadda zai shigar da ita cikin na'urar. Wani ya ce masa da waya ake yi, wani ya ce sai da kebul da kwamfuta. Malam, duka biyun gaskiya suka faɗa maka. Sai dai kowace dabara da wurin da take yi maka rana, da wurin da take ba ka kunya.

Ta waya dai ba ta da wahala. Ka sauke manhajar Garmin Connect, ka haɗa ta da na'urar ta Bluetooth, ka zana hanya a cikinta ko ka buɗe fayil ɗin da aka turo maka, ka danna a aika. Kafin ka gama ɗaura takalmi ta shiga. In kuwa a Strava ko Komoot, wasu manhajojin zana hanya, kake zane, tun shekarar 2020 ana iya haɗa asusunsu da na Garmin, hanyar ta riƙa wucewa da kanta. A Strava alamar tauraro kawai za ka danna a kanta. Masu na'urorin kamfanin Wahoo, irin su Bolt da Roam, su dama tun asali komai nasu a waya yake, na'urar kuma tana janyo hanyoyi da kanta in ta samu Wi-Fi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wayar da na'urar suna hannunka, amma hanyar sai ta fara zuwa rumbun kamfanin ta intanet kafin ta dawo gare ka. Babu sabis, babu aiki. A cikin Birnin Kebbi ko Jega wannan ba abin damuwa ba ne. Amma ka ce sai ka isa bakin fadama da sassafe sannan za ka tura, to kana iya tsayawa kana ɗaga waya sama abokan tafiya suna jiranka rana na ɗagawa. Kuma ba kullum laifin sabis ɗinmu ba ne: a watan Yulin 2020 masu kutse sun kai wa Garmin hari, Garmin Connect ya tsaya cak na kwanaki a duk duniya. Waɗanda suka iya aiki da kebul ne kawai suka ci gaba da harkarsu. Ga kuma batun kuɗi. Tun watan Mayun 2020 Strava ta mayar da zana hanya na masu biyan kuɗi, Komoot ma a 2025 ta sa sababbin shiga sai sun biya kafin su tura hanya zuwa na'ura. Zane a Garmin Connect kyauta ne, shi ya sa nake ganin sabon shiga ya fara daga nan.

Kebul kuwa tsohuwar dabara ce, ba ta da ado, amma ba ta neman izinin kowa. Ka jona na'urar da kwamfuta, za ta bayyana tamkar filashi. Ka buɗe jakar fayiloli (folder) da aka rubuta Garmin, a cikinta akwai wata mai suna NewFiles. Nan za ka ajiye fayil ɗin, ba wani wuri ba. Ka cire kebul, na'urar ta kunna, ka shiga Navigation sannan Courses, za ka tarar da hanyarka. In ka sake jonawa ka ga NewFiles wayam, kada hankalinka ya tashi, alama ce ta cewa ta karɓa, ta juya fayil ɗin zuwa irin nata ta adana. Abu biyu ke yawan ɓata wa mutane rai a nan. Na farko kebul ɗin kansa: da yawa daga waɗanda ake sayarwa a teburin masu caji wuta kawai suke kaiwa, ba sa ɗaukar bayanai, sai ka ga na'urar na caji amma kwamfuta ba ta san da ita ba. Na biyu suna. Na'urar tana karanta sunan da ke rubuce a cikin fayil ne, ba wanda ka canza daga waje ba, kuma allonta ƙarami ne. Ka raɗa wa hanya gajeren suna tun wurin zane, kamar BK-Argungu, don kada ka tarar da hanyoyi barkatai duk sun fara da kalma ɗaya. Aibin kebul a fili yake: sai da kwamfuta, sai da wuta, kuma ba ka yin sa a gefen titi.

Ko ta waya ko ta kebul, irin fayil ɗin yana da tasiri. GPX shi ne gama-gari, kusan kowace na'ura tana karanta shi, har masu sauƙin kuɗi irin su Bryton da iGPSPORT, kuma bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba, don haka tura shi ta WhatsApp ba ya cin data. Sai dai galibi layi ne zalla, jerin ɗigo-ɗigo na wuraren da za ka ratsa. TCX da FIT suna iya ɗaukar ƙarin sanarwa a jikinsu: nan kwana hagu, nan akwai ruwa, nan gada. In manhajar da ka yi zane da ita ta ba ka zaɓi, kuma Garmin ce na'urarka, ɗauki FIT. In kuwa za ka raba wa 'yan ƙungiya masu na'urori iri-iri, GPX ya fi zaman lafiya.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, wanda kuma a ganina ya fi tambayar taka nauyi. Ka ce ta hannu ka saya. Mafi yawan irin waɗannan daga Turai ko Amurka suke fitowa, da taswirar can a cikinsu. Ita 530 tana lissafa wuraren shan kwana da za ta sanar da kai ne daga taswirar da ke cikinta. In babu ta Najeriya, hanyar za ta shiga lafiya lau, amma abin da za ka gani layi ne kwance a kan fili, babu titi babu sunan unguwa. Ana iya binsa haka, kuma in ka kauce za ta yi ƙara, amma a mararraba cikin gari sai ka yi ta lalube. Maganinsa shi ne a samo taswirar Najeriya ta OpenStreetMap wadda aka shirya don Garmin, a ajiye ta cikin jakar Garmin ɗin nan, kuma wannan aikin kebul ne, waya ba ta yin sa. Ka ga ke nan ko ka fi son waya, sai ka nemi kebul mai kyau ko da sau ɗaya. Masu Wahoo sun huta a nan, domin daga manhajarsu suke zaɓar ƙasa su sauke taswirarta kyauta.

Ita kanta taswirar ba ta gama sanin ƙasarmu ba. OpenStreetMap, wadda aka kafa a Ingila a 2004 kuma Komoot da wasunta suke dogara da ita, 'yan sa-kai ne ke zana ta. Babban titin da ya ratsa Ambursa ya nufi Argungu, mai kimanin kilomita 50, yana nan daram. Amma burji da 'yan hanyoyin da ke tsakanin ƙauyuka da gonakin shinkafa, wasu babu su sam, wasu kuma daga hoton tauraron ɗan'adam aka kwafo su. Hoton da aka ɗauka da rani zai nuna maka hanya fes a fadamar Rima, ka zo a watan Agusta ka tarar sai da kwale-kwale. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi, yadda ta cinye gonaki ta karya gadoji, ya san me nake nufi. Manhaja kuma ba ta bambance ƙasa mai tauri da rairayin da zai sa ka sauka ka tura keke, balle ta san inda bai kamata baƙo ya ratsa shi kaɗai ba. Wannan sai mutanen wurin, musamman 'yan kabu-kabu. Don haka in za ka bar kwalta, ka kashe wurin da na'urar ke sake lissafa maka hanya da kanta, in ba haka ba za ta yi ta ƙoƙarin mayar da kai babban titi.

Hanyar da ta fi inganci a irin wuraren nan ita ce wadda wani ya riga ya taka. Ya bi ta da na'ura a kunne, ko da a kan babur ne, sannan a mayar da tafiyar tasa hanya. Edge tana yin haka a cikinta daga tarihin tafiye-tafiye, ba waya ba kwamfuta. In abokinka ma 530 ko 830 gare shi, akwai Device Transfers da ke tura hanya daga na'ura zuwa na'ura kuna tsaye wuri ɗaya, ba sai da sabis ba. Amma kafin ka raba irin wannan fayil, duba inda ya fara. In daga ƙofar gidanka ka kunna na'ura, duk wanda fayil ɗin ya isa hannunsa ya san gidanka da inda keken yake kwana. Ku fara daga sha-tale-tale ko gidan mai.

Da ni ne kai, Malam, sai in ware yamma guda da kebul da kwamfuta in zuba taswirar Najeriya, in kuma ajiye kwafin kowace hanya a matsayin GPX a waya. Daga nan aikin yau da kullum waya ta ishe ka, muddin da dare za ka tura tun kana gida, ka buɗe hanyar a na'urar ka ga layin da tsawonsa sun yi daidai da abin da ka zana. Batirin 530 sabo yana kaiwa awa 20, amma taka ta sha hannu, ka cika ta a daren.